Thomas Midgley: rashin sani ne ko rufe gaskiya?

Malam_Sadiq: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani mutum ya tsaya mini a rai tun makon jiya da nake shirya wa ɗalibaina darasi a kan man fetur. Sunansa Thomas Midgley, Ba'amurke ne, an haife shi a 1889 a garin Beaver Falls na jihar Pennsylvania, ya mutu a 1944. Asalin karatunsa aikin injiniya ne, ya gama Jami'ar Cornell a 1911, ilimin haɗa sinadarai kuwa a bakin aiki ya koye shi. Abubuwa biyu da suka fito daga hannunsa sun shiga kusan kowane gida a duniya. A 1921 ya gano cewa in aka ɗiga wani sinadarin dalma a fetur, inji yakan daina ƙwanƙwasa. Bayan 'yan shekaru kuma shi da abokan aikinsa suka fito da gas ɗin Freon na firji. Na farkon ya zuba wa yaran duniya guba a jini, na biyun ya huda rufin ozon da ke tare mana zafin hasken rana mai cutarwa. A zamaninsa kuwa lambobin yabo aka yi ta ba shi, har ya shugabanci ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka a shekarar da ya mutu. Me zan ce wa yaran nan? Mai laifi ne, ko mai ƙirƙira ne da ƙaddara ta faɗa wa?

Oga_Bala_Gareji: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yi nisa a warware mini wani abu. Mu a gareji in aka ce inji ya buga, to magana ta ƙare, sai a sauke shi a kai wajen masu gundura. Ta yaya abin da aka ɗiga a mai zai hana wannan?

Injiniya_Mukhtar: Oga Bala, ba wannan bugawar ake nufi ba. Ka san ƙarar nan da tsohuwar mota take yi in ta ɗauki kaya tana hawan tudu a babbar giya, kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani? Ita ce. Fistin yana matse mai da iska, filogi ya ba da wuta, wutar ta bi a hankali ta cinye man. In man ba shi da ƙarfin jure matsi, sai ragowar da ke can gefe ta fashe da kanta kafin wutar ta iso. Ƙarfi ya tafi a banza, inji ya yi zafi, in abin ya daɗe fistin ya lalace. Masu ƙera motoci suna son ƙara matsin don inji ya ƙara ƙarfi ya rage shan mai, wannan ƙarar ce ta tare musu hanya. Shi ya sa Charles Kettering, wanda ya ƙirƙiro sitata ta lantarki, ya ɗora Midgley a kan aikin a 1916 a garin Dayton.

Oga_Bala_Gareji: Yanzu na gane. Wannan mukan ce taimin ne ko mai marar kyau. Allah ya ƙara basira.

Zainab_Dakin_Gwaji: Abin da ke burge ni a labarinsa shi ne yadda ya yi binciken, don ni ma aikina ke nan, gwaji da maimaitawa. Da farko ya ɗauka in aka rina man ja zai fi saurin ɗaukar zafi, sai ya zuba aidin don ya ba shi launi. Ƙarar ta ragu. Da ya gwada jan rini na gaske, babu abin da ya canja, ashe aidin ɗin ne da kansa ya yi aikin. Tunanin kuskure ne ya kai shi ga ƙofar gaskiya. Daga nan suka yi shekara biyar suna zuba abubuwa iri-iri a injin gwaji. Wani sinadari mai suna teluriyam ya yi aiki sosai, amma warin tafarnuwa yake bar wa mutum a jiki da tufafi, wanka ba ya fitar da shi. Daga baya suka daina lalube, suka koma bin jadawalin sinadarai layi-layi, har ya kai su kan dalma a ranar 9 ga Disamba, 1921. Abin da bai kai cokalin shayi ɗaya ba a galan guda ya isa. Ko me za a ce a kansa, mutumin yana da naci da ƙwaƙwalwa.

Hamza_Maradi: Ni ina ganin ana zaluntarsa. Muna zaune a yau da duk abin da aka gano bayan mutuwarsa muna yanke masa hukunci. Rashin sani ya fi dare duhu. Wa ya san komai a 1921?

Baban_Khalifa: Malam Hamza, a kan dalma dai ba za a fake da rashin sani ba. Tun zamanin Rumawa an san dalma guba ce. Masu fenti da masu aikin famfo a Turai an san irin ciwon da take sa musu. Kuma ga abin da ya faru da idon kowa. An fara sayar da man a Dayton a watan Fabrairun 1923. A farkon wannan shekarar shi Midgley da kansa ya ajiye aiki ya tafi Miami jinya saboda dalmar ta taru a jikinsa. A watan Oktoban 1924, a matatar Bayway ta kamfanin Standard Oil da ke New Jersey, ma'aikata biyar suka mutu cikin 'yan kwanaki, suna ihu suna fizge-fizge sai an ɗaure su, wasu gwammai aka kwantar a asibiti. An mutu a Dayton ma, an mutu a masana'antar DuPont da ke Deepwater, inda ma'aikata suka laƙaba wa ginin suna gidan malam-buɗe-littafi, saboda mutum yakan riƙa kaɗe ƙwarin da babu su daga jikinsa.

To ranar 30 ga Oktoba, 1924, aka tara 'yan jarida. Midgley ya tsaya gabansu ya zuba sinadarin a hannunsa, ya kai kwalbar hancinsa ya shaƙa kimanin minti guda, ya ce zai iya yin haka kullum babu abin da zai same shi. Mutumin da bai cika shekara biyu da dawowa jinyar wannan gubar ba. Wannan tsayuwar ita ce ta hana ni yi masa uzuri.

Hamza_Maradi: Ban san da zancen jinyar ba. Amma ai ma'aikaci ne, yana da iyayen gida a sama. In bai fito ba wani za a turo.

Baban_Khalifa: Ba ƙaramin ma'aikaci ba ne. Da General Motors da Standard Oil suka haɗu suka kafa kamfanin Ethyl a 1924, yana cikin manyansa. Ka kuma lura da sunan. Ethyl suka sa wa man, kalmar dalma ba ta fito a allon gidan mai ba.

Malam_Nuhu_Fagge: Wannan batu na suna shi ya fi ɗaukar hankalina. A wajenmu hukuncin ciniki a bayyane yake: wanda ya san aibin hajarsa wajibi ne ya faɗa wa mai saye. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Ba ina ɗora wa mutumin shari'ar da bai bi ba ne. Ina cewa ko da hankali kaɗai, akwai tazara tsakanin wanda ya yi kuskure da wanda ya san aibi ya lulluɓe. Malam Sadiq, ka raba wa ɗalibanka tambayar gida biyu, don ayyukan nan biyu ba hukuncinsu ɗaya ba.

Injiniya_Mukhtar: Allah ya gafarta Malam, in ƙara a kan naka. Akwai wata hanyar da suka sani, wato gauraya fetur da etanol, irin wanda ake samu daga masara ko rake. Yana hana ƙarar, kuma su kansu sun gwada sun gani. Matsalarsa a wajensu biyu ce: sai an zuba da yawa, wanda zai rage cinikin kamfanonin mai, kuma kowa zai iya yin sa, babu mai riƙe da hakkin mallakarsa. Sinadarin dalma kuwa duk galan da aka sayar akwai kasonsu a ciki.

Amma in za a yi adalci, laifin ya wuce mutum ɗaya. Birnin New York da Philadelphia sun hana man bayan mutuwar Bayway. A 1925 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta kira taro, masana irin su Alice Hamilton ta Harvard da Yandell Henderson na Yale suka yi gargaɗi ƙarara cewa gubar za ta riƙa taruwa a hankali a titunan birane. An dakatar da sayarwa, aka kafa kwamiti, ya yi ɗan gajeren bincike, a 1926 aka ce a ci gaba. Kwamitin ya nemi a ci gaba da bincike mai zaman kansa, amma shekaru da dama binciken da ake yi kusan duk da kuɗin masu sayar da kayan ake yin sa.

Oga_Bala_Gareji: Jikina ya yi sanyi wallahi. Na shiga gareji ina ɗan shekara goma sha biyu, lokacin 504 ce ke tashe. Da fetur muke wanke kafireta, da shi muke wanke hannu kafin mu ci abinci, a kwano ɗaya mu shida. In za a zuƙo mai daga tanki ni ake ba tiyo don ni ne ƙarami, sau nawa ya cika mini baki na tofar na ci gaba da aiki. Na tuna cikin salansa a lokacin fari-fari yake kamar toka, filogi ma in ka kwance za ka ga wani farin abu ya daskare a kansa, mu kankare da waya mu hure da baki. Ashe dalma muke hurawa. To yaushe aka daina zuba ta a man da muke sha a nan?

Zainab_Dakin_Gwaji: Baba Bala, Allah ya ƙara lafiya. Amurka ta fara ragewa a shekarun 1970, ta hana gaba ɗaya a motoci a 1996. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun yi taro a Dakar a 2001, suka kammala dainawa zuwa farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021, shekara ɗari cif da ganowar. Kuma irin wannan sinadarin yana ratsa fata, ba sai an sha ba. Yaranka na yanzu ma ka hana su wanke hannu da fetur da zuƙo shi da baki, don ko babu dalma akwai wasu abubuwan masu cutarwa a ciki.

Maman_Hanifa: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun da aka ambaci dalma hankalina ya koma Zamfara. Na san ba fetur ne ya jawo na can ba, duwatsun zinariya ne da ake dakawa a cikin gidaje. Amma gubar ɗaya ce. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Na taɓa riƙe yaron da ya rayu bayan irin wannan. Shekararsa huɗu, an ce da yana gudu yana kiran sunan kowa a gidan, ranar da na gan shi wuyansa ba ya tsayuwa, idonsa a buɗe amma ba ya bin yatsana. Uwarsa tana ta gyara masa hula. Abin da dalma ta ɓata a ƙwaƙwalwar yaro ba ya dawowa. Ta fetur ba ta kashewa nan take irin haka, a hankali take rage wa yaro kaifin fahimta, babu wanda zai gane, sai a ce yaron ne ba ya ja a makaranta. Don haka in ana maganar naci da ƙwaƙwalwar Midgley, ni ƙwaƙwalwar yaran nake tunawa.

Ummu_Sultan: Innalillahi. Anti, da gaske ne wai kwallin da muke sa wa jarirai ma akwai dalma?

Maman_Hanifa: Kwallin dutse mai ƙyalli ɗin nan da ake niƙawa, da yawansa dutsen dalma ne. Jariri ya murza ido ya kai hannu baki. Ni dai na daina sa wa nawa, kuma ina faɗa wa masu jego. Haka masu fasa tsohon batirin mota a cikin unguwa, a nisanta yara da wurin.

Mai_Firji_Kumasi: Kun tsaya a kan mai kun manta da ɓangarenmu. Shekarata talatin ina gyaran firji a zango, kuma ni a kan Freon ba zan zagi mutumin nan ba. Ku tambayi abin da ake sa wa firji kafin shi: amoniya da wasu gas masu guba, wasu kuma masu kama wuta. In bututu ya yi yoyo da dare iyali sukan kwana ba su tashi ba. Kamfanin Frigidaire ya nemi wanda ba ya kisa kuma ba ya ci da wuta, Midgley da Albert Henne suka samo shi. A 1930 ya tsaya gaban taron masana ya shaƙe shi ya cika ƙirji, ya hura a kan kyandir, wutar kyandir ɗin ta mutu. Wannan shi ne R12 da muka tashi muka tarar. Da shi aka adana allurar rigakafi da jini da kifi da nama shekara da shekaru. Ni kaina na sha sakin sa a iska in zan canja kwamfuresa, ka ji yana tsiii har ya ƙare, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Baban_Khalifa: Ka ga abin da ke damuna ke nan. Sau biyu yana shaƙar abu a gaban jama'a don ya nuna babu illa.

Mai_Firji_Kumasi: Amma na biyun gaskiya ya faɗa, Alhaji. Bai cutar da huhunsa ba, bai cutar da nawa ba.

Zainab_Dakin_Gwaji: Mai Firji ya yi daidai. Abin da ya sa gas ɗin ya zama lafiyayye a cikin gida shi ne ya sa ya zama bala'i a sama. Ba ya haɗuwa da komai, ba ya ruɓewa, ruwan sama ba ya wanke shi. Sai ya yi ta yawo shekaru har ya kai can sama inda hasken rana mai ƙarfi ke fasa shi, kulorin ɗin da ke ciki ya fita, ƙwaya ɗaya ta rusa dubban ƙwayoyin ozon. Mario Molina da Sherwood Rowland ne suka bayyana haka a 1974, shekara talatin bayan mutuwar Midgley. A 1985 masu bincike na Birtaniya suka ba da rahoton ramin da ya buɗe a rufin ozon a saman Antatika, can ƙarshen kudancin duniya. Na'urar da za ta iya auna ɗan abin da ke cikin iska ma ba a ƙera ta ba sai bayan ya mutu. A nan kam uzurin Malam Hamza ya zauna daram.

Hamza_Maradi: To alhamdulillahi, ko rabi na samu. Kuma ku duba, da aka gane illar Freon duniya ta haɗu a Montreal a 1987, shekara biyu kacal bayan ganin ramin, yanzu ana sa ran zai rufe wajen 2066. Dalma kuwa da aka san illarta tun ranar farko sai da ta shekara kusan ɗari ana sayarwa. Wannan ya nuna akwai masu riƙe da abin da suka fi Midgley ƙarfi, tunda ya mutu a 1944 aka ci gaba da cinikin shekara saba'in da bakwai babu shi.

Mai_Firji_Kumasi: Mu dai an mai da mu kan gas ɗin R134a, yanzu kuma sababbin firji R600a suke zuwa da shi, shi kuma yana kama wuta. Yaran da ke koyon aiki su kiyaye, kada a kusanto da wutar walda kafin a tabbatar bututu ya wofinta.

Dan_Tasha77: Ku karanta yadda ya mutu ku ga alhaki. Shan inna ta kama shi a 1940, ya ƙera wa kansa igiyoyi da ƙarafa masu ɗaga shi daga gado, su suka shaƙe shi. Abin da hannunsa ya ƙera shi ya kashe shi.

Malam_Nuhu_Fagge: Ɗana, a nan ka ja linzami. Cuta ba hujja ba ce a kan kowa. Bayin Allah nawa shan inna ta kwantar a garuruwanmu, me suka yi? Mutum yana da shekara 51 ƙafafunsa suka mutu, ya yi dabarar da zai rage wa iyalinsa wahalar ɗaga shi. A lokacin an sanar cewa hatsari ne, akwai kuma masu tarihi da ke ganin shi ya kashe kansa. Ko wanne ne abin tausayi ne. Mu yi magana a kan aikinsa da abin da ya faɗa da bakinsa, wannan muna da hujja a kai. Sauran a bar wa Mai shi.

Maman_Hanifa: Na gode Malam. Ina da masu shan inna a dangina, maganar ta sosa mini rai.

Dan_Tasha77: A yi haƙuri Anti, ban yi nufin haka ba. Na janye.

Injiniya_Mukhtar: Malam Sadiq, in za ka ba yara labarin Midgley, ka haɗa musu da na Clair Patterson. Shi shekarun duniya yake ƙoƙarin aunawa ta hanyar dalmar da ke cikin duwatsun da suka faɗo daga sama, sai ya ga duk abin da ya taɓa a ɗakin gwaji dalma ta gurɓata shi, ƙura, ruwa, har gashin kansa. Ya bi sawu har cikin teku da ƙanƙarar Girinlan, ya ga yawanta ya yi tsalle ne a zamanin motoci. A 1965 ya wallafa gargaɗinsa a kan gubar dalma, ya rasa tallafin bincike saboda haka, bai yi shiru ba. Sai likitan yara Herbert Needleman, wanda ya tattara haƙoran da 'yan makaranta suka famfare, ya nuna a 1979 cewa masu dalma da yawa a haƙori su ne ke baya a fahimta. Bayan an cire ta daga mai, yawanta a jinin yaran Amurka ya sauka da fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Ummu_Sultan: To yanzu an gama da ita ke nan kwata-kwata?

Injiniya_Mukhtar: A motoci an gama. Ƙananan jiragen sama masu injin fistin har yanzu da yawansu mai dalma suke sha.

Malam_Sadiq: Na gode ƙwarai, na samu fiye da abin da na zo nema. Zan bi shawarar Malam Nuhu in raba darasin biyu, in kuma sa Patterson a ciki. Amma har yanzu akwai inda ban sauka ba. Na yarda da Baban Khalifa a kan ranar 'yan jaridar nan. Sai dai ina ta tunanin ko shi kansa ya gaskata abin da yake faɗa, wato cewa haɗarin na cikin masana'anta ne kawai, ɗan abin da ke fita ta salansa iska za ta kwashe. Mutum yakan shawo kan kansa in abincinsa da sunansa suna wurin.

Baban_Khalifa: Ko da ya gaskata hakan, Malam, ai ba a kan salansa aka tambaye shi ranar ba. Gawa biyar ake magana a kai, kuma ruwan da ya kashe su shi ya zuba a hannunsa.

Hamza_Maradi: Ni kuma ina nan a kan cewa waɗanda suka sa hannu a 1926 aka ci gaba da sayarwa sun fi shi kaso.

Oga_Bala_Gareji: Hajiya Zainab, yau na sayo sabulu da bokiti na ajiye a bakin gareji, na kuma yanke tiyon nan gida biyu a gaban yara. Tambayata, mu da muka riga muka sha tun muna ƙanana, akwai gwajin da ake yi a ga ko tana nan a jiki? Kuma wane ɓangare zan nema in na je asibiti?